ZAUREN FASAHA: Hatimin da Ke Cikin Manhajar Wayarka

Masu doya na Salaga da Yendi, Allah ya sa wa kasuwa albarka. 'Yan'uwanmu na Bawku kuma, Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa, amin.

A watan jiya na yi alkawarin cewa wannan karo za mu duba batirin hasken rana da yadda ake gane na jabu. Ina neman afuwa, domin kuwa wani al'amari ya taso a cikin danginmu wanda ya sa na jingine wancan zance sai wata mai zuwa. Abin ya shafi kuɗin jama'a, ya kuma kusa raba wasu aminai biyu da suka shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya, saboda haka na ga bai kamata in bar shi ya huce ba.

Ga yadda aka yi. Ina da ɗan ƙanwa da yake karatun kwamfuta a Tamale. Uwarsa tana cikin wata ƙungiyar mata masu sayar da albasa a Bawku, waɗanda suke loda buhuna zuwa Kumasi da Ankara, kuma suna da adashe a tsakaninsu, watau abin da muke kira susu a nan. A da littafi ake rubutawa, uwar adashe ta bi rumfa-rumfa tana karɓa. To da zirga-zirga ta yi wuya saboda dokar hana fita da ake yawan sakawa a garin, sai kowa ya koma zubi ta MoMo, lissafi kuma ya riƙa rikicewa. Yaron nan ya ce bari ya taimaki iyayensa. Ya zauna ya rubuta musu 'yar ƙaramar manhaja ta wayar Android, wadda take nuna wadda ta zuba, da wadda ke bin layin kwasa, da lambar da za a tura kuɗi. Bai saka ta a Play Store ba. Ya tura wa uwarsa ta WhatsApp, ita kuma ta raba wa sauran ta Xender, kamar yadda muke raba wa'azi da waƙoƙi.

Wata takwas abu yana tafiya daidai. Ran nan wayar wata Hajiya daga cikinsu ta lalace, aka kai gyara, ta yi kwana uku a hannun mutane. Da ta dawo, manhajar tana nan, launinta ɗaya, sunanta ɗaya, sunayen mata duk suna ciki. Abu ɗaya ne ya sake: lambar da ake tura kuɗi. Hajiya ba ta karanta boko sosai, don haka ko da sunan mai karɓa ya fito kafin ta sa lambarta ta sirri, ba ta lura ba. Mako uku tana tura sidi 300 ga wanda ba ta sani ba. Uwar adashe ta ce ba ta ga zubinta ba, ita kuma ta ce ga saƙon shaida a wayarta. Aka yi ta cacar baki har maganar ta kai gaban liman. Ban san hannun wa ya taɓa wayar ba a cikin kwanakin nan uku, kuma ba zan ɗora wa kowa laifi a shafin jarida ba.

Da dare yaron ya kira ni, muryarsa tana rawa. Ya ce, "Kawu, sunana ne ya ɓaci. Yaya zan yi manhajar nan ta gane da kanta cewa ba ni ne na sa mata hannu ba?" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tambayar da ya yi tana da amsa, amma amsar tana da wutsiya.

Kafin mu shiga cikin na'ura, bari mu ɗan leƙa baya, domin matsalar ba sabuwa ba ce a wurinmu. Lokacin da Salaga take kasuwar goro, ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ya yi watanni a hanya kafin ya iso Gwanja. Bashi da amana da saƙon kaya duk a takarda suke tafiya, kuma wanda ya rubuta takardar yana can nesa, ba halin a tambaye shi. Rubutun wasiƙa ya zama ilmi mai zaman kansa, har Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934, ya wallafa littafi guda da Larabci tun a 1877 a kan yadda ake tsara wasiƙu. Wasiƙun Sarkin Musulmi da na sarakunan ƙasar Hausa kuwa da hatimi suke fita. Mai karɓa yakan dubi hatimin ya gwada da wanda ya sani a wasiƙun baya. In ya yi daidai ya karɓi saƙo, in ya saɓa ya tsare manzo. Rauninsa shi ne gwanin maƙeri yana iya sassaƙa irinsa, kuma ana iya kankare kalma a cikin takarda hatimin yana nan daram.

Hatimin manhaja ya toshe waɗannan ƙofofi biyu. Wayar Android, ko Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, ba ta yarda a saka mata manhajar da ba a sa wa hannu ba. Mai rubuta manhaja yakan ƙirƙiri mabuɗai biyu waɗanda lissafi ya ɗaure su da juna. Ɗaya na ɓoye ne, shi ne kamar ƙarfen hatimin, yana zama a kwamfutar mai shi ba ya fita. Ɗayan na fili ne, ana saka shi a cikin wata takardar shaida wadda take tafiya tare da manhajar duk inda ta je. In an gama rubutu, sai a yi lissafi a kan dukan abin da ke cikin fayil ɗin, a buga masa mabuɗin ɓoye. Duk wanda yake da takardar shaidar yana iya tabbatar da bugun, amma ba zai iya yin irinsa ba. Kuma da yake lissafin ya haɗa da kowane harafi na fayil ɗin, in aka sake lamba ɗaya tak, hatimin ya karye.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu masu digiri. Wannan takardar shaida ba wata hukuma ce take ba da ita ba. Ba gwamnati ba, ba banki ba. Mai manhaja ne yake rubuta wa kansa, cikin minti biyu, kuma a gurbin suna yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ni da nake zaune a nan ina iya yin takardar shaida in rubuta sunan babban bankin ƙasa a kanta, waya ba za ta ce mini uffan ba. Abu biyu kawai waya take dubawa. Na farko, ranar da ake saka manhaja, shin abin da ke ciki ya dace da hatimin da ke kansa? Na biyu, ranar da aka zo sabunta ta, shin hatimin sabuwar shi ne na wadda take kan wayar? In ya saɓa, sai ta ƙi, ta rubuto "App not installed". Watau waya ba ta san ko kai mutumin kirki ba ne, abin da ta sani shi ne ko kai ne na jiya.

To kun ga abin da aka yi wa Hajiya ke nan. An ciro fayil ɗin, an buɗe, an sake lamba, hatimin yaro ya karye, sai aka buga wani sabo. Da yake wayar ba za ta yarda a ɗora mai sabon hatimi a kan ta asali ba, dole aka goge ta asalin tukuna. Sunayen matan kuwa a cikin fayil ɗin yaron ya rubuta su, shi ya sa suka dawo cif. Ku riƙe wannan: duk wanda ya ce muku sai an goge tsohuwar manhaja kafin sabuwar ta hau, ku tambaye shi dalili. Ba kullum ba ne ake nufin cuta, amma nan ne ƙofar da cuta take bi.

Yanzu ga amsar tambayar yaro, kuma ina roƙon dattawa su yi haƙuri da ni na ɗan lokaci, domin akwai samarinmu a Tamale da Bolga da Kumasi da suke koyon wannan sana'a, su ma shafin nasu ne. Manhaja tana iya karanta takardar shaidarta daga cikin rubutunta, kuma ba ta bukatar neman izinin mai waya don yin haka. A cikin Android akwai wani sashe mai suna PackageManager, wanda yake kamar magatakarda ne mai riƙe da rajistar duk manhajojin da ke kan waya. Manhaja takan kira getPackageInfo, ta ba da sunanta na rajista, ta ce a ba ta bayanin hatiminta. A wayoyin da, kalmar da ake haɗawa da wannan roƙo ita ce GET_SIGNATURES. Daga Android 9, wadda ta fito a 2018, an ajiye waccan an kawo GET_SIGNING_CERTIFICATES, amsar kuma tana zuwa a cikin wani abu mai suna SigningInfo. Dalilin canjin shi ne daga wannan shekara aka ba mai manhaja damar sake mabuɗi, tsohon ya sa hannu a kan cewa sabon magajinsa ne, don haka manhaja ɗaya tana iya kasancewa da tarihin takardu, ba takarda guda ba. Tun da har yanzu akwai tsofaffin wayoyi a hannun iyayenmu a ƙauyukan Yendi da Kpandai, mai rubutu sai ya tanadi hanyoyin biyu, ya duba shekarun wayar ya zaɓi wadda ta dace.

Abin da magatakarda zai miƙo, ko da yake sunansa Signature, a gaskiya takardar shaidar ce kanta. Ba a gwada sunan da ke ciki, tun da mun ce kowa yana iya rubuta kowane suna. Abin da ake yi shi ne a ɗauki takardar gaba ɗaya a wuce da ita ta cikin wani lissafi mai suna SHA-256, wanda zai fito da jerin haruffa da lambobi guda 64. Wannan jeri shi ne zanen yatsan takardar, ba a samun takardu biyu masu iri ɗaya. Sai a gwada shi da wanda mai manhaja ya sani nasa ne. In sun dace a ci gaba, in sun saɓa manhaja ta tsaya ta yi gargaɗi. A Android 9 zuwa sama akwai ma gajeriyar hanya mai suna hasSigningCertificate, wadda za ka miƙa mata zanen yatsan ta ce maka e ko a'a. Na ga wasu tsofaffin misalai da yara suke kwafa, inda ake amfani da hashCode a maimakon SHA-256. Ku bar wannan. Lambar da yake bayarwa gajeriya ce ƙwarai, mai naci yana iya ƙera takardar da za ta fito da irinta.

Yaron ya tambaye ni ko ta wannan hanya ɓarawo zai iya zaro mabuɗin ɓoye daga cikin manhaja. A'a. Mabuɗin ɓoye ba ya cikin fayil ɗin ko kaɗan, sai fa in mai shi ne ya yi wautar saka shi da hannunsa. Abin da ake karantawa na fili ne, kamar hoton hatimi a kan takarda.

Wataƙila mai karatu ya ce shi bai taɓa ganin wannan abu da idonsa ba. Ka gani, ba ka dai sani ba ne. Ka lura da saƙon da wasu manhajoji suke aiko maka da lambar shiga, a ƙarshensa akwai wasu haruffa 11 a cakuɗe da ba su ba da wata ma'ana? Waɗannan haruffa an samo su ne daga sunan manhajar haɗe da takardar shaidarta. Da su ne waya take gane manhajar da za ta miƙa wa saƙon ta karanta da kanta. Ta jabu mai wani hatimi dabam haruffanta ba za su zo daidai ba, don haka ba za a miƙa mata ta wannan hanya ba. Haka nan duk mai son saka taswirar Google ko shiga da asusun Google a manhajarsa, akan nemi ya yi rajistar zanen yatsan takardarsa.

Yaro ya ji bayani, ya kwana biyu yana aiki, ya saka mai gadi a cikin manhaja. Na kuma ba shi shawara ya biya dala 25 ta rajista ya saka ta a Play Store, a daina yawo da fayil hannu da hannu. Ya bi matakan da ake bi, aka karɓa. Ranar da matan suka sauko da ita, sai ga waya tun da asuba. "Kawu, ta ƙi buɗewa! Duk wadda ta sauke, sai ta ce mata wannan ta jabu ce!" Na yi dariya, ko da yake laifin rabi nawa ne, don ni ne ban gargaɗe shi ba.

Abin da ya faru shi ne, tun daga watan Agusta na 2021, duk sabuwar manhajar da za ta shiga Play Store, Google ne yake buga mata hatimin ƙarshe da mabuɗin da yake ajiye a wurinsa. Mabuɗin da ke hannun mai rubutu ya koma na miƙa kaya kawai: da shi Google yake gane cewa kai ne ka aiko, sa'an nan ya cire wannan hatimin ya buga wancan kafin ya raba wa jama'a. In ba kai ne ka miƙa masa naka tun farko ka ce ya riƙe ba, shi ne zai ƙirƙiro sabo. Ashe ke nan mabuɗai uku ne a hannun yaro bai sani ba: na gwaji, wanda Android Studio yake yi da kansa kuma kalmar sirrinsa "android" ce a duk duniya, na miƙa kaya, da na ainihi da ke wurin Google. Shi kuwa zanen yatsan na biyu ya saka, sai mai gadinsa ya tare 'yan gida. Maganin ba wuya: a shafin Play Console akwai inda aka rubuta zanen yatsan takardar ainihi, sai a kwafo daga can. Wanda kuma yake da fayil a hannu yana son ya ga hatiminsa, akwai apksigner, zai buga masa shi a fili. Da yake sabon hatimin ya saɓa da na da, sai da kowace mace ta goge tsohuwar kafin ta Play Store ta hau, watau abin da na gama gargaɗi a kansa. Wannan karon dai yaron da uwarsa ne suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna bayani.

Akwai masu ƙorafi cewa bai dace kamfani ɗaya a Amurka ya riƙe ƙarfen hatimin kowa ba, kuma ina ganin ƙorafin yana da tushe. Amma ga yaron da kwamfutarsa ta hannu ce, yana yawo da ita a motar haya tsakanin Tamale da Bawku, akwai sauƙi a ciki. In mabuɗin miƙa kaya ya ɓata, ana iya roƙo a sake masa wani. In kuwa shi kaɗai ke riƙe da na ainihi ya ɓace, shi ke nan, ba zai ƙara sabunta wannan manhaja ba har abada, sai dai ya fito da wata da sabon suna.

Yanzu ga wutsiyar da na ambata. Mai gadin nan a cikin gidan yake zaune, gidan kuma yana hannun ɓarawo. Wanda ya iya buɗe fayil ya sake lambar MoMo, in ya ƙara ƙoƙari kaɗan zai iya nemo layin da ke yin gwajin ya goge shi, ko ya sa ya riƙa amsa e kullum. Akwai ma kayan aiki da aka yi musamman don wannan. Saboda haka kada wani saurayi ya saka layi goma a manhajarsa ya je ya gaya wa 'yan kasuwa cewa ba mai iya taɓa ta. Gwajin yana korar ƙaramin ɓarawo mai gaggawa, irin wanda waya ta kwana uku a hannunsa, kuma wannan ma riba ce. Amma abin da ya fi shi ne kada a ajiye abu mai daraja a cikin fayil ɗin tun farko. Lambar karɓar kuɗi da sunayen mata su zauna a babbar kwamfuta ta intanet, manhaja ta riƙa tambaya. Ita kuma babbar kwamfutar kada ta yarda da abin da manhaja ta faɗa game da kanta, sai ta nemi shaidar wani. Google yana da tsarin Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet, inda shi ne yake duba manhajar da wayar, ya ba da amsa a rufe wadda ta ƙunshi zanen yatsan takardar, babbar kwamfuta ta buɗe ta gani. Masu iPhone su ma suna da makamancinsa, App Attest, tun 2020, amma da yake a can kusan kome ta shagon Apple yake shigowa, kuma iPhone ba ta da yawa a rumfunan albasa, ba zan tsaya a kai ba.

Shi kansa tsarin hatimin an taɓa samun ɓaraka a cikinsa. A 2013 wani kamfanin bincike mai suna Bluebox ya nuna hanyar sake abin da ke cikin fayil ba tare da hatimin ya karye ba. A ƙarshen 2017 aka sake gano wata mai suna Janus, wadda ta shafi fayilolin da aka sa wa hannu da tsohon salo kaɗai. Sabon salon da ya zo da Android 7 a 2016 ba ya karɓar wannan dabara. A ƙarshen 2022 kuma aka bayyana cewa mabuɗan wasu manyan kamfanoni, har da Samsung da LG, sun faɗa hannun ɓata-gari an buga wa muggan manhajoji. An toshe waɗannan, amma toshiyar tana isa ne ga wayar da ake sabuntawa. Tsohuwar wayar da aka sayo kwance, wadda rabonta da sabuntawa shekara bakwai, ta yi kira da sauraren karatu, amma ni ba zan ɗora mata asusun banki ba.

Sa'an nan kada a ɗauka duk manhajar da hatiminta yake lafiya mutuniyar kirki ce. Ku tuna da manhajojin ba da rance da suka addabi jama'a, masu kwashe lambobin da ke cikin waya su riƙa aika wa dangi saƙon cin mutunci. A 2023 Bankin Gana ya fitar da jerin sunayen irinsu da ba su da lasisi, hukumar EOCO kuma ta kama ɗaruruwan mutane a Ankara a kan wannan sana'a. Ba wanda ya karya hatiminsu, masu su ne suka buga da hannunsu. Haka nan GB WhatsApp da 'yan'uwanta da samarinmu suke so saboda ana ganin saƙon da aka goge. Wannan WhatsApp ce da wani ya buɗe ya sassake ya buga nasa hatimin, shi ya sa ba ta Play Store, shi ya sa kuma kamfanin yake rufe lambobin masu amfani da ita. Hirarka da matarka da lissafin kasuwarka duk suna bi ta hannun mutumin da ba ka san ko sunansa ba.

Ga wanda ba ruwansa da rubuta manhaja, abin da ya rage masa kaɗan ne. Manhajar kuɗi, ta banki ce ko ta MoMo ko Telecel Cash, a sauko da ita daga Play Store da hannunka ko hannun ɗanka, ba ta Xender ba, ko da data ta yi tsada. In waya za ta gyara, a cire layi, a fita daga asusun kuɗi, in ta dawo a duba. Wanda bai natsu da manhaja ba, *170# tana nan tana aiki ko a ƙaramar waya, ba ta bi ta wani fayil da za a sake. Kuma kafin a sa lambar sirri, a karanta sunan mai karɓa, in ba a iya ba a kira jika ya karanta. MoMo tana tare da mu tun 2009, amma har yau wannan 'yar daƙiƙa ta duba suna ita ce mutane suka fi tsallakewa. In an riga an yi ɓarna, a kira kamfanin layin nan take, a kuma kai ƙara ga Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa a lamba 292.

Hajiya ta kai ƙara. Har zuwa ranar da nake wannan rubutu sidi 900 ɗinta ba su dawo ba. Matan ƙungiya sun haɗa mata rabi, yaron kuma ya ce sauran a wuyansa yake, zai biya da kuɗin aikin hutu, uwarsa ta ce ba ta hana shi ba. Ita da uwar adashe sun shirya a gaban liman, har an ce tare suka je sunan jikar ɗayarsu. Mabuɗin miƙa kaya kuwa na sa ya kwafa a 'yar ma'ajiya guda biyu, ɗaya tana wurinsa a Tamale, ɗaya tana cikin akwatina tare da takardun gida.

Masu aiko da tambayoyi ta hannun edita, na ga na mutumin Yendi a kan wayar da take cin data da dare, zan amsa. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu, sai batirin hasken rana. Wassalam.